Yaƙin da Na Kai Hawandawaki

Sana'ata bin fatake ƙasa-ƙasa, in jiyo halin da sarakuna ke ciki, in kai wa masu gari labari su ba ni tukuici. Abin taƙamata shi ne ba ni kai zance sai na ji shi a baki biyu.

A kasuwar Tasawa na ba mahauta labarin wasu garuruwan gabas da suka yi cacar baki kan rijiya. Na ɗan ƙara gishiri, na wuce. Da na isa Urafane, wani mai kanwa ya ce garuruwan sun ɗaura yaƙi. Wani mai fata ya tabbatar, har ya ce mahaya sun nufo yamma. Ko ruwa ban sha ba na kora gurgun jakina zuwa garin Hawandawaki.

Na faɗi gaban maigari. "Ranka ya daɗe, yaƙi na tafe. Shaidu biyu gare ni."

Maza suka toshe ɓarakar shinge, mata suka ɗaure kaya, ga hatsi ya nuna a gona. Ana cikin haka mai kanwar ya iso da ayarinsa. Maigari ya tambaye shi inda ya ji.

"Wurin mahautan Tasawa. Su kuma wani mai gurgun jaki ya gaya masu."

A lokacin ne jakina ya ga damar yin kuka a ƙofar zaure.

Aka kwance kaya, aka yi girbi lafiya, gari ya samu sabon shinge. Har yau ina kai masu labari. Amma da na buɗe baki sai maigari ya ce, "Dakata, Malam. A shigo da jakin ya shaida."