Allon Ƙofar Baba Haladu

Jama'a, jiya saura ƙiris in kwana a hannun hukuma, kuma duk a kan tuwo.

A unguwarmu a Dudunni akwai Baba Haladu, tsoho ne makaho, 'ya'yansa sun tafi birni sun manta hanyar gida. Tun rasuwar matarsa kwanonsa ke zagaya gidaje: yau matata Kubura ta zuba, gobe gidan Dikko mai faci. Ba kwamiti, ba shugaba, amma bai taɓa kwana da yunwa ba.

Sai ga 'yan wani kwamitin hukuma, Masu Girma Iyayen Marasa Galihu, Allah ya ƙara wa kumatunsu albarka, da motoci da mai hoto. Suka ɗora Baba a keken guragu, shi da ƙafafunsa ƙalau, aka ɗauki hoto, aka sauke shi, aka mayar da keken mota. Suka kafa allon ƙarfe a ƙofarsa, wai sun ɗauki nauyin wannan dattijo baki ɗaya.

To wa zai yi gasa da tukunyar manya? Kubura ta ce, "Malam, mutumin da ake soya wa kaji zan kai wa miyar kuka? Ai kunya sai ta kashe ni." Gidan Dikko ma haka. Kowa ya janye hannu, don ladabi.

Na shiga gaishe shi har da zolaya: "Baba, an zama ɗan gata, ko ƙashi ba a rage mana?"

Ya ce, "Bube, rabona da abinci tun ranar hoto. Ruwan randa nake sha."

Wallahi sai da na yi hawaye. Ya lalubo hannuna ya ce, "Don Allah ka roƙa mini su sake ni."

Ni da Dikko muka tumɓuke allon, muka toshe inda rufin ɗakinsa ke yoyo da shi. Kwano ya koma yawonsa.

Jiya sai ga jami'ai biyu a babur, hankali tashe, an sace kayan hukuma! Suka titsiye ni a ɗakin Baba, suka tambayi makaho ko ya ga ɓarawon. Ya ce bai gani ba. Ruwa ya kece, suka fake ƙarƙashin abin da suke nema suna yaba rufin. Kubura ta aiko da tuwon Baba, suka wanke hannu suka share shi tas.

Da za su tafi suka ce mu kwantar da hankali, za a kawo sabon allo, wanda ya fi wancan girma. Baba ya jawo rigata ya yi ƙasa da murya: "Bube, wannan karon azumin kwana nawa ne?"