Fulawar Malama Rhoda Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malama Rhoda Shekwolo ta unguwar Fadikpe, Minna, take sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar fulawarta mai kaurin ganye, wadda ta cika ranar Talata a cikin bokitin fentin da ta zauna shekara bakwai.

Marigayiyar 'yar Kuta ce. Tana ganye ɗaya tak ta zo Minna, ƙulle a bakin zanin mahaifiyar Malama. Tsohuwar ta daɗe da rasuwa, kuma cikin duk abin da ta bari, wannan kaɗai ne mai rai. Fulawar baiwar Allah ce mai haƙuri. Kofi ɗaya na ruwa ya ishe ta mako biyu, ba ta neman taki, amma duk rani sai ta yi jajayen furanni. Ba a taɓa jin muryarta ba, in ban da “tif” ɗin ganye idan ya faɗo kan siminti.

Jinya ta fara ne da Malama ta tafi gida Kuta tonon doya na mako uku. Ba ta bar sallahu ba, tunda marigayiyar ba ta bukatar komai. Maƙwabta suka ga ƙasa a bushe, tausayi ya kama su. Malam Suleiman ya riƙa juye mata ragowar ruwan alwala sau biyar a rana. Maman Precious ta ware mata ruwan wankin shinkafa. Baba Jiya kuwa, da ba ya yin abu rabi da rabi, bokiti guda yake sheƙa mata kowace safiya. Kowa yana ɓoye alherinsa, kada lada ya ragu.

Ko da Malama ta dawo, saiwa ta ruɓe, jiki ya yi laushi kamar dafaffiyar kuɓewa. Kafin ta ajiye jaka su ukun suka iso, kowa da murmushinsa, yana jiran godiya. Ta kuwa yi musu godiyar, sannan ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Marigayiyar ta bar ganye ɗaya, wanda ke kwance kan busasshen yashi a tagar ɗakin Malama. Ba a san ko zai kama ba. An hana dubiya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, a bayan kicin. Malama ta yafe wa kowa, har Baba Jiya. Wanda ya zo da ruwa, ya sha abinsa a bakin ƙofa.