Ranar da Na Tashi Korar Kafinta

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka yi wa Baba aikin ƙugu, kuma ko na so mantawa, mutanen gidanmu ba za su bar ni ba.

Baba ya faɗo daga kan amalanke a gonarsa ta Toranke, kan ƙashin cinyarsa ya karye. Mai ɗori ya yi iya yinsa, wata biyu Baba bai taka ba. A wani asibiti a Kano likita ya ce sai an cire kan ƙashin an sa na ƙarfe, in ba haka ba shi da gona sai dai labari. Ni ne malamin makaranta a gidan, don haka ni aka tura jinya. Lokacin da likita ke yi wa Baba bayanin aikin, ina bakin ƙofa ina waya, ina tabbatar wa 'yan uwa cewa aikin zamani ne, na'ura ce ke yi, ko motsi ba a ji (har yau ban san inda na samo wannan ba).

Da safe aka shiga da shi. Na zauna, na miƙe, na zagaya barandar ya fi sau ashirin, na sake alwalar da ba ta karye ba. Tsoro nake ji ƙwarai. Can sai na jiyo bugu daga ciki, ƙwas, ƙwas, guduma kan ƙarfe. Nan take na yanke hukunci cewa gyaran silin ake yi. Likita na riƙe da wuƙa a jikin mahaifina, in hannunsa ya goce fa?

Na yi ta dukan ƙofar tiyata har nas ta leƙo, masu jinya duk sun zuba mini ido.

"Ku ce wa kafintan nan ya dakata! Ubana ne a ciki!"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in je in zauna. Bugun ya ci gaba.

Da aka gama, likita ya fito ya nufo ni. "Malam, ni ne kafintan." Ya ce ƙarfen dogon tsini gare shi, sai an buga shi cikin ramin ƙashin cinya kafin ya zauna daram. Ya ƙara da cewa allurar kashe zafi ta baya aka yi wa Baba, idonsa biyu, ya ji komai. Na rasa inda zan sa fuskata.

A ɗakin kwanciya Baba ya ce, "Ai jiya likita ya faɗa mini, kamar sa ruwan fartanya a ƙota ne. Ni ban tsorata ba sai da na ji muryarka. Na ce kar ya biye maka ya bar ni da ƙafa mai girgiɗi."

Bana Baba da ƙafarsa ya je cirar gyaɗa. Amma duk ranar kasuwar Ajingi, in muka gifta rumfar maƙera, sai ya tsaya ya dogara sandarsa, ya ce, "Malam, ko za ka tsayar da su?"

Tun daga lokacin, in likita ya buɗe baki, wayata aljihu take komawa.