Yadda Za Ka Zari Gajeren Tsinke a Majalisar Gari

Ɗan'uwa, in tsautsayi ya sa an zaɓe ka kansila a gari irin namu na Nebraska, inda shanu suka fi mutane yawa, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin wa'adin shekara biyu kacal. Da kaina na gwada.

1. San abin da ka faɗa ciki

An ce bai kamata kansiloli biyar su sauka rana ɗaya ba, kada a rasa wanda ya san inda makullin motar kwashe ƙanƙara yake. Sai aka raba wa'adi: uku su yi shekara huɗu, biyu su yi biyu. Da tsinken tsintsiya ake rabon, a hannun Verna magatakarda: dogo shekara huɗu, gajere biyu. A birni dogon ake nema. Mu nan, da ake tare ka a ƙofar coci saboda karen maƙwabci, kowa gajeren yake roƙo.

2. Sami dalili mai zafi

Nawa dalilin matata ce, Darlene. Na yi mata alkawarin ina sauka za mu ja motarmu mai ɗaki zuwa Arizona, inda sanyi ba zai ƙara taɓa gwiwarta ba. Ta ce, "Orval, shekara biyu. Ka ƙara kwana ɗaya, ni da motar mu yi gaba." Darlene ba ta iya wasa ba.

3. Nuna kwaɗayin dogon

Kada a gane inda ka dosa. Shiga shagon shan kofi ka buga ƙirji, ka ce shekara huɗu ma ta yi maka kaɗan a hidimar jama'a. Ɗaga murya sosai, musamman in abokin hamayyarka na kusa. Nawa shi ne Duane Hruska mai sayar da abincin dabbobi, shi ma gajeren yake hari.

4. Kula da mai riƙe tsinke

Kai wa Verna kek ɗin tuffa. Kada ka roƙe ta komai. A siyasa kek ne ke magana. Ranar rabo ka sa ido a babban yatsanta, ka ga inda ya danna, nan gajeren yake.

5. Zara, sannan ka ɓata fuska

Na zari gajere, Duane ya zari dogo. Na sunkuyar da kai, har na ciro hankici. Duane ya dube ni ya ce, "Sannu, mutumina. Ko a jana'izar surukarka ban ga ka yi wannan fuskar ba."

Na ce, "Ƙaddara ce, Duane."

Ya ce, "Ƙaddara mai ƙanshin tuffa."

6. Kada ka sake tsayawa

In wa'adinka ya cika, yi shiru, ka fara ɗaure kaya. Takardar ƙuri'a za ta fito ba sunan kowa, sai layin da mutum zai rubuta wanda ya ga dama.

A nan akwai ɗan abin lura. Mako guda Duane ya yi a shagon kofi yana cewa, "Jama'a, mutumin da ya yi kuka don ya rasa dogon tsinke, ai zalunci ne a hana shi." Duk garin sun ga hankicin, suka tausaya, suka rubuta sunana. Daga zaɓe na biyu kuwa babu tsinke, kowace kujera shekara huɗu ce. Kana iya ƙi, in ka shirya canza coci da mai aski.

Gargaɗi

Gajeren tsinke na yi maka alkawari, kuma ka zara. Abin da ya biyo baya ba ruwana. Duane saura shekara biyu, ni saura huɗu. Darlene ta bugo waya daga Arizona jiya, ta ce gwiwar ta warke sarai. Wallahi ina kewarta, da ita da motar. Mai ƙorafi ya same ni a zaman majalisa ranar Talata. Ina nan, ba inda za ni.