Rasuwar Gwaggo, Na'urar Gwajin Magani

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, Dakta, shugabar ɗakin binciken magunguna, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar na'urarta, wadda ɗalibai ke kira Gwaggo.

Marigayiya ta ƙarar da rayuwarta kan aiki ɗaya. Akwai wani furotin mai taurin kai da ke hawa kan ƙwayoyin gado, yana kunna masu haddasa ciwon daji. A cikin Gwaggo ake zuba shi, a ɗiga masa magani. In maganin ya kama shi, ɗan ɗumin da ke tashi ita ke ji, ta zana a allo. In bai kama ba, ta ce "ƙit," ta shimfiɗa miƙaƙƙen layi, ko ɗan wa ya haɗa maganin. Ta sa ɗalibai kuka, ta sha korar Farfesa, shugaban sashen, zuwa ofishinsa ba sallama. Dakta ta sha zaginta, amma ba ta taɓa kama ta da ƙarya ba.

Ciwon ajalinta da fara'a ya fara. Kwatsam Gwaggo ta ce wani magani ya kama. Farfesa ya ɗinka sabuwar kwat, ya tara 'yan jarida, ya ce kwanan ciwon daji ya ƙare. Dakta dai hankalinta bai kwanta ba, sai ta ɗiga ruwan famfo. Gwaggo ta ce ya kama. Ta ɗiga shayi, shi ma ya kama. Da injiniya ya zo ya buɗe bayanta, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce, "Dakta, sai haƙuri. Ta jima da tafiya, fanka ce kawai ke juyawa."

Ta rasu ta bar ɗaliba ɗaya da ta gina rabin kundin digirinta kan maganganun da Gwaggo ta yi tana jinya, da firij cike da furotin maraya, da Farfesa, wanda har yau ta ƙofar baya yake shiga ofis.

Za a yi jana'iza ranar da kwamitin kadarori ya zauna ya yarda ta mutu. Kafin nan gawa tana ƙarƙashin bene, lulluɓe da leda, can ake karɓar gaisuwa. Sai dai ranar da masu ba da tallafi za su zo zagaye, babu gaisuwa: Farfesa ya ce a fito da ita a goge, a jona ta a wuta, Dakta ta tsaya kusa da ita tana murmushi.

Allah ya ba mu haƙuri.