Tocila da Kuben Eusebio

"Kin tashi lafiya, tsohuwa, ko in kira masu haƙa rami?"

"Lafiya lau, ganinki ne kawai ya ɓata min safiya."

Gaisuwarmu ke nan kullum ni da jikata Maricruz. Tun da na faɗi na karya ƙugu ta ajiye aikinta a birnin San Antonio ta dawo wurina a bayan garin Falfurrias, ta kama aiki da likitan dabbobi. Ba don ita ba, da yanzu ina gidan tsofaffi ana ɗura min abinci da cokali.

Aikin nata na sammako ne, daga wannan gona zuwa waccan, ita kaɗai a mota, shi ya sa take ɗaure da ƙaramar bindiga cikin kube a ƙugu, ƙarƙashin riga. Ranar Talata da asuba ta ji motsi a bakin shinge ta zare ta. Ashe maƙwabcinmu ne, tsoho Nicanor, ya kawo mana ƙwai. Kunnensa ya mutu, bai ji tana tambayar waye ba. Allah ya tsare, amma ni ban ƙara barcin kirki ba. Ranar Asabar na sa ta kai ni shagon bindigogi a saya mata tocilar da ake ɗaura wa bindiga.

Ta cire harsashi tun a waje kamar yadda dokar shagon take, ta ajiye bindigar da kubenta a kan kanta. Wendell mai shagon ya jera mana tociloli. Na nuna babbar.

"Wannan za a ba ta."

"Kaka, wannan ai fitilar tirela ce! In sa ta a riga a ce ciki ya fito min ta gefe?"

"Da ma an ce. Ko ba komai an san wani ya taɓa kallonki."

"Ni da samari ke bi layi-layi?"

"Na gan su. Duk masu ƙafa huɗu ne, kuma allura suke zuwa karɓa."

Wendell ya sunkuyar da kai yana dariya. Ya ɗauko wata 'yar ƙarama da ba ta wuce bakin bindigar ba, ya ce wannan ce ke ɓuya a riga, kuma yatsa yana kai wa makunninta ba sai an sake riƙo ba.

"Wannan 'yar mitsitsiyar?" na ce. "Idon kyanwata ya fi ta haske."

"Kunna mata, Wendell. Ai ita rana ma sai ta tambaya ko ta fito."

Ya haska bango. Sai da na runtse ido.

"To, ba laifi," na ce. "Ta yi kama da ke. Ba jiki, sai damun mutane."

"Sai dai fa abu ɗaya," in ji Wendell. "Kowacce aka ɗaura, dole a canza kube. Ba za ta ƙara shiga wannan ba."

Nan Maricruz ta daina dariya. Ta ɗora hannu a kan kuben. Na fata ne, ya yi baƙi don gumi, da sunan kakanta Eusebio a buge a bayansa. Marigayi mijina mai yin sirdi ne, kuma wannan kuben shi ne abu na ƙarshe da ya fita daga rumfarsa, lokacin da za ta tafi birni.

"To a bar ta," ta ce. "Zan riƙa riƙe tocilar hannu."

Wendell ya ce ta hannun ma dole ce, da ita ake dube-dube, don duk abin da aka haska da ta jikin bindiga to an nuna shi da bindiga. Amma in har ta kai ga zarewa, gara ta ga abin da ke gabanta.

"Hannu nawa gare ki?" na ce. "Ɗaya jakar magani, ɗaya kofi, waya a haƙori. Da wanne za ki riƙe? Da jela?"

"Kaka, hannun Kaka Eusebio ne ya ɗinka min wannan. Ba zan jefa shi a akwati saboda fitila ba."

"Hannun wa?"

"Kin ji ni. Ko ke ma kunnen ya bi na Nicanor?"

"Yarinya, kakanki a waccan shekarar ko kofi ya ɗauka rabi a riga yake ƙarewa. Shi ya yanka fatar, shi ya buga suna. Ɗinki kuwa tun muna amare ni ce. Makiyayan nan ba za su hau sirdin da mace ta ɗinka ba, sai muka bar su da abin da suke so su ji."

"Kai, tsohuwar nan da ƙarya! Ke da ko maɓalli kika ɗinka sai ya gudu?"

"Juya shi ki duba. Ina ɗinkin ya karkata?"

Ta juya. Wendell ma ya leƙo da tabaransa.

"Wannan ɗinkin bahago ne," ya ce.

"Da wane hannu kakanki yake cin abinci?" na ce mata. "Da wanne nake marinki?"

Ta daɗe tana bin zaren da yatsa. Idonta ya kawo ruwa, ta share da kafaɗa.

"Shi kuma yana ina kina ɗinkawa?"

"Yana zaune a kaina yana cewa in ja zaren da kyau, na 'yar lelensa ne. Kamar ni maƙiyiyarki ce. Ki adana wannan, nasa ne da nawa. Amma da yana nan ya ji kin nuna Nicanor da bindiga a duhu, da kansa zai farke shi. Akwai sauran fata a rumfa, basillata ma tana nan. Kafin in gama sabo, ki sayi na roba ki lallaɓa."

"Da waɗannan yatsun naki masu kama da citta?"

"Su suka yi miki wanka, ba ki yi ƙorafi ba."

"To sunan wa za a buga a sabon?"

"Nawa mana. Eusebio ya ci nasa rabon."

"Kin iya rubuta shi?"

"Me aka kai ki makaranta ki yi? Ke ki jera baƙaƙen, ni in buga guduma."

"Eduviges Villarreal de Cantú? Kaka, ai sai an yanka saniya guda kafin sunan nan ya samu wurin zama!"

"A yanka. Ai ke ce likitarsu, zaɓo mai ƙiba."

Ta fashe da dariya har tana dafa kanta, ta sumbace ni a goshi, ta ce ina warin man zafi. Sannan ta tura wa Wendell bindigar.

"Ɗaura ƙaramar," ta ce. "Tsohuwa ta ci ni."