Rasuwar Katangar da Ta Riƙe Gonar Inna

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har ya tumbatsa, Inna mai gonar tudu, da yayanta Kawu, da 'ya'ya da jikoki, suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa jingina bayansa da ita ya huta, rasuwar Katangar Dutse ta gonar sama. Ta faɗi da hantsi, ana tsakiyar damina, a gaban idon mai ita, bayan gajeriyar jinya wadda hannun mutum ya jawo mata.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, ya sani cewa gonakin wannan kwari ba a shimfiɗe suke ba. Hawa-hawa suke a jikin tsauni kamar matakalar bene, kowace gona da katangar da ke tokare ƙasarta kada ruwa ya tafi da ita. Marigayiyar ita ce ta can ƙoli, babbar yayarsu duka. Mahaifin Inna ne ya tsayar da ita da hannunsa, dutse kan dutse, ba siminti, ba ko laka, sai dai kowane dutse ya san wanda ke ƙarƙashinsa. Ƙasar da ke bayanta kuwa ba a nan aka same ta ba. Mahaifiyar Inna ce ta yi ta hawa da ita a kwando daga bakin rafi, har gashin tsakiyar kanta ya ƙare bai sake tsirowa ba. Daga wannan ƙasa dankalin gidan yake fita, da wake, da 'yar masarar da ke kai yara ƙarshen shekara. In ƙasar ta tafi, dutse tsirara zai rage, kuma babu wanda ya taɓa ciyar da jikoki da dutse.

Marigayiya ta yi rayuwa mai nauyi da kamun kai. Ba ta taɓa neman fenti ba. Ba ta taɓa ƙorafin kofaton awaki ba, ko da yake sun mayar da kanta hanyarsu ta zuwa kiwo. Ta tare iskar da ke saukowa daga ƙoli da ƙirjinta, ta bar ƙananan shuke-shuke suna barci a bayanta. A inuwarta Inna ta kwantar da 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya tana noma, a kanta take shanya iri, kuma shekarar da maigidanta ya rasu, lokacin da gida ya cika da masu cewa a yi haƙuri, nan ta riƙa hawowa ita kaɗai ta kifa goshinta a dutse mai ɗumi ta yi kukan da ba a yi a gaban mutane. Katangar ba ta faɗa wa kowa ba. Littattafai cike suke da labarin ganuwar manyan birane da mayaƙa suka rushe, mawaƙa suna ta yi musu kuka, amma da wuya a samu guda a cikinsu da ta riƙe amanar mace ɗaya kamar yadda wannan ta riƙe.

Ba mai yawan magana ba ce. A gindinta akwai rariyoyi, 'yan ƙananan kafofin da aka bari da gangan domin ruwan sama ya bi ya fita, kuma ta nan take magana. In an ɗauke ruwa sai ka ji ta tana ƙul, ƙul, ƙul, a hankali, kamar tsohuwa tana kuskure baki. Da safiyar rani kuma, in rana ta fara dukan ta, wani dutse a tsakiyarta yakan ce ƙas, sau ɗaya, ya yi shiru. Inna takan tsaya da fartanya a kafaɗa ta kasa kunne, sannan ta ce, "Muddin tana fitsari, lafiyarta lau."

Ciwon ajalinta ya zo ne a mota.

Tun 'yan shekarun nan masu ɗaukar hoto suka gano kwarin, kamar dai da can ɓacewa ya yi. Sukan ajiye motocinsu a ƙasa su hawo suna haki, da takalma masu kauri kamar za su yaƙi, da riguna masu aljifai birjik waɗanda babu ko ɓawon gyaɗa a ciki. Tsauni suke fara gaisarwa kafin mutum. Sun ce Inna ta kawar da bokitin robarta domin yana ɓata musu tsari. Sun ce ta cire takalmin ruwa ta tsaya ƙafa ba takalmi a cikin taɓo, ya fi kama da gaskiya. Sun ce ta duƙa, ta miƙe, ta sake duƙawa, ta dubi nesa kamar tana tunani. Wani ya roƙi Kawu, mutumin da dariyarsa ke tashin tsuntsaye daga gona, ya ɗan ɓata rai. Kawu ya ce masa, "Zauna tukuna ka ci gaba da magana, yanzu zai ɓaci da kansa."

Duk wannan marigayiya ta jure. Sun hau kanta, sun kafa sandunan hotonsu a tsakanin haƙarƙarinta, sun zauna a kafaɗarta suna shan shayi daga gora suna jiran gajimare ya sauko ya kwanta a cikin kwari. Ba ta ture ko ɗaya daga cikinsu ba, abin da iyali ke ganin shi ne kuskurenta kaɗai a duniya.

A cikinsu akwai wanda mutanen kwari ke kira Mai Ƙafa Uku, saboda sandar hotonsa mai ƙafafu uku da ba ya rabuwa da ita ko zai zaga bayan dutse. Mutum ne mai laushin murya, mai yawan dafa ƙirji, wanda ke cewa wannan wuri ya warkar masa da zuciya. Babu wanda ya san abin da ke damun zuciyar, babu kuma wanda ya aike shi neman magani a gonar mutane. Shi ne ya zauna wata rana bayan an yi ruwa, ya ga ɗan ruwa ya kwanta a gefen gonar sama, ya ga sararin sama a cikinsa, ya ga kuma ruwan yana tsiyayewa ya tafi kafin ya gama saita na'urarsa. Abin ya yi masa ciwo. Ya bi sautin ƙul, ƙul ɗin har ya gano inda ruwan ke fita.

A lokacin Inna tana asibitin gari, an cire mata yanar ido. Kawu kuwa bayansa ba ya barin sa hawa tudu da damina. Gonar sama ta zauna ba mai tsaro, domin tun da aka kafa ta ba ta taɓa buƙatar tsaro daga wani abu mai hankali ba. Mai Ƙafa Uku ya bi rariyoyin ɗaya bayan ɗaya ya toshe su da laka da ciyawa da gorunan ruwan da ya shanye. Ta ƙarshe ta fi sauran faɗi, sai ya cire safarsa ta ƙafa ya cusa. Aka yi ruwa, aka ƙara. Gonar ta zama tafki, dankali ya nutse, tsauni da gajimare da jan alfijir suka kwanta a kan ruwan sak kamar a madubi. Ya ɗauki hotonsa. Ya tattara kayansa ya koma gari, da safa a ƙafa ɗaya, bai buɗe ko rariya guda ba.

Ranar da Inna ta dawo, ko ruwa ba ta tsaya sha ba ta kama hanyar tudu. Shekara da shekaru tana ganin duniya kamar ta cikin tsumma, tana ɗokin ta ga ganyen dankalinta ɗaya-ɗaya. Tun daga gona ta biyu ta ji abin da ya tsinka mata zuciya: ba ta ji komai ba. An yi ruwa, katanga kuma shiru. Da ta ɗaga sabon idonta, abu na farko da ta gani tar a gonarta shi ne cikin marigayiya ya kumbura ya turo gaba, duwatsun da ba su taɓa rabuwa ba sun buɗe baki, laka na zubowa ta tsakaninsu. Ta jefar da sanda ta durƙusa ta fara tonon rariya da yatsunta. Ba ta kai ga ta biyu ba katangar ta yi wani nishi mai tsawo, irin wanda ba ta taɓa yi ba, Inna ta ja da baya, sannan ta zube. Rugum. Tsakiyarta duka ta tafi, ruwa da baƙar ƙasa suka bi bayanta suna gangarawa.

Kawu ne ya duba gawar, bayan an hawo da shi a kan jaki. Ya ɗaga safar da tsinke ya juya ta a rana. Ya ce, "Ƙanwata, mahaifinmu ya yi mata shirin ruwa, ya yi mata shirin iska, har girgizar ƙasa ya yi mata shiri. Wannan ce kawai bai hango ba."

Marigayiya ta rasu ta bar ɓangarori biyu na jikinta a tsaye, dama da hagu, suna kallon giɓin da ke tsakaninsu. Ta bar ƙannenta katangun ƙasa, waɗanda yanzu nauyin da ba nasu ba ya hau kansu. Ta bar ƙadangaru masu yawa ba muhalli, da wata macijiya da iyali ba su san da zamanta ba sai ranar. Ta bar fiye da rabin ƙasar gonar sama a zaune a bakin giɓi, ba abin da ke riƙe da ita sai saiwar dankalin da ya ruɓe. Ruwa mai ƙarfi ɗaya ya ishe ta.

Iyali na kuma sanar da cewa marigayiya ba ta bar wasiyya ga maƙwabcin gonar ƙasa ba, wanda ƙasar Inna ta sauka a kan albasarsa, ya dube ta ya ce rabo ne, har ya fara baje ta da magirbi. Haka kuma duwatsun da aka ga sun yi ƙafa sun shiga shingen wani gida a bakin hanya, ana roƙon su dawo da kansu, an san su da fuska.

An karɓi gaisuwar masu ta'aziyya da dama, ana godiya. Akwai guda ɗaya da ba a karɓa ba. Mai Ƙafa Uku ya dawo da kansa, rungume da hoton a cikin gilashi, ya ce mutanen gari sun yi ta tsayawa a gabansa suna share hawaye. Inna ta karɓa ta duba, domin yanzu tana gani. Hoton yana da kyau, iyali ba za su yi ƙarya a cikin sanarwar mutuwa ba. Ga marigayiya a tsaye, ga wata marigayiyar a kife cikin ruwa, ga kan ganyen dankali yana leƙowa kamar hannun wanda ke nutsewa. Ta miƙa masa abinsa.

Shi kuwa idonsa na kan giɓin. Ya dafa ƙirji ya ce, "Mama, ki yafe ni, ban san haka za ta faru ba. Amma wallahi ko a haka tana da wani irin kyau. Don Allah kada a taɓa ta tukuna, akwai abokaina da za su zo."

Inna ta ce, "Za a taɓa ta. Buhu za mu jera."

"Buhu?"

"Buhun taki. A cika da ƙasa, a ɗora wani kan wani."

Ya dube ta kamar ta ce za ta yanka jariri. "Mama, za ki kashe kwarin nan. Daga hanya fa ana hango wurin nan."

"Ɗan nan," in ji Inna, "kwarin nan bai taɓa tashi na da safe ya ce yana jin yunwa ba. Ɗauki ƙafafunka duka biyar ka sauka mini daga gona."

Ba a ga Inna ta yi kuka ba tun ranar da abin ya faru. Ta san abin da take yi. Ta san buhu ba ya magana in an ɗauke ruwa, ba ya ɗumi da yamma, ba a kifa masa goshi. Ta san kuma gina katangar dutse aikin rani ne, aikin watanni, ga hadari yana haɗuwa kowace la'asar a bayan tsauni, ba ruwansa da makokin kowa.

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza. Za a taru a gonar sama gobe da sassafe, tun rana ba ta yi zafi ba. Za a tsince duwatsun marigayiya ɗaya-ɗaya, a wanke su, a jera su a gindin gona a rufe da ciyawa, inda za su kwanta har rani, in Allah ya kai mu, ya kuma ara wa bayan Kawu lafiya. Daga nan za a sauka gonar maƙwabci da kwanduna a ɗauko abin da ya ce rabo ne. Maza su zo da shebur, mata da kwando, mai jaki ya zo da jakinsa. Ba a buƙatar dogon jawabi, wanda ke da kuka ya yi shi yana tafe da kaya a ka. Masu hoto ma ƙofa a buɗe take, muddin hannuwansu biyu babu komai a ciki, akwai buhu daidai kafaɗar kowa.

A madadin kowace irin gudummawa, iyali na roƙon a kawo buhunan da ba komai a ciki. Inna ta ce a sanar cewa an fi son masu ruwan ɗorawa da shuɗi mai kashe ido, masu manyan rubutu a jiki. Ta kuma ce in an zo jerawa, rubutun ya fuskanci hanya.